Allo, Islamiyya ko boko: Abin da ke yanke wa yaro hanyar karatu a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Sau biyu a shekara ake yanke shawara mai nauyi a gidajen arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Na farko a watan Satumba, lokacin da makarantun firamare ke buɗe sabuwar shekarar karatu. Na biyu bayan kaka, idan an gama girbin gero da dawa, malaman allo suka soma shirin fita ci-rani da ɗalibansu. A duka lokutan biyu, tambayar da ke gaban mahaifin yaro ɗan shekara shida guda ɗaya ce: ina za a kai shi?

A wuraren wa'azi da zauren muhawarar Facebook, an fi ɗaukar tambayar a matsayin zaɓi tsakanin duniya da lahira. Amma idan aka bi dokoki da alƙaluma da tarihin yankin, za a ga cewa mafi yawan iyaye a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, ƙananan hukumomin da ƙidayar 2006 ta ba su jimillar mutane fiye da rabin miliyan, sun daɗe da yanke hukunci: duka biyun suke so. Abin da ya rage shi ne wane ne ke da halin samun duka biyun, wane ne kuma ake tilasta wa ɗaukar guda, ko ya tashi babu ko ɗaya a hannunsa.

Makarantu iri nawa ne a gaban iyaye?

Ko da yake ana cewa "boko da addini" kamar abu biyu ne kawai, hanyoyin sun kai huɗu.

Ta farko ita ce makarantar allo. Akwai ta unguwa, wadda yaro ke zuwa ya koma gidan iyayensa ya kwana. Akwai kuma tsangaya, inda ake damƙa yaro amana ga malami, sau da yawa a wani gari. Tsarin karatun sananne ne: a fara da babbaƙu, a shiga farfaru, a koyi haɗa kalmomi, sannan a riƙa rubuta allo ana wankewa har a sauke izu sittin, galibi da ruwayar Warshu. Ɗalibi yana hawa daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, mai himma ya zama alaramma ko gwani. Babu aji, babu jarrabawar ƙarshen zango. Kowa na tafiya gwargwadon ƙwazonsa. Abin da malami ke samu bai wuce kuɗin Laraba, sadaka da taimakon ɗalibai a gona ba.

Ta biyu ita ce Islamiyya, mai aji-aji da rajista da kayan makaranta. Ana koyar da Alƙur'ani da tajwidi, galibi da ruwayar Hafsu, tare da hadisi, fiƙihu, tauhidi, sira da Larabci. Yawancinsu na yamma ne, ko na dare, ko na Asabar da Lahadi, domin su ba firamare wuri.

Ta uku ita ce firamaren gwamnati, mai shekara shida, wadda ke kai yaro ƙaramar sakandare. Ita ma ana koyar da darasin addinin Musulunci a cikinta, amma a matsayin darasi guda cikin darussa da dama.

Ta huɗu ita ce makarantar da ta haɗe biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya: haddar Alƙur'ani da safe, Turanci da lissafi da kimiyya daga baya. Wasu na al'umma ne da gwamnati ta tura wa malamai, amma waɗanda suka fi tashe a yau masu zaman kansu ne, na kuɗi, waɗanda aka fi sani da makarantun tahfizi. Sun fi yawa a manyan garuruwa, kuma suna raguwa da zarar an bar bakin kwalta.

Yadda hanyar ta rabu biyu

Karatun allo ya girmi Najeriya nesa ba kusa ba. Masarautar Kazaure, wadda Roni da Gwiwa ke cikinta, ta samo asali ne daga zamanin jihadi, ta hannun Ɗantunku, wanda ya kafa ta wajen 1819. Babura kuwa tana ƙarƙashin Masarautar Ringim a yau. A wancan zamani, wanda ya yi karatun allo ya zarce zaure ya karanta Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, shi ne ke zama alƙali, limami ko magatakardan sarki. Karatu da aiki suna kan turba ɗaya.

Zuwan Turawa ya sauya wannan. Bayan sun ci Kano a 1903, an ƙiyasta a zamanin Lugga cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta rushe su ba, amma ba ta ɗauki nauyinsu ba. Sai ta gina nata tsarin a gefe: makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Sannu a hankali rubutun boko da Turanci suka maye gurbin ajami da Larabci a ofis. Malamin da jiya shi ne masanin gari, ya wayi gari takardun hukuma na lissafa shi cikin marasa ilimi.

Tun a lokacin aka fara neman gada. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka yaɗa makarantun Islamiyya masu aji da manhaja. Daga baya shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka da yawa cikin gaggawa, amma gine-gine suka riga ƙwararrun malamai isa. Ƙorafin da ake ji yau game da ingancin firamare yana da saiwa a wancan lokaci.

Me doka ta ce?

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma tanadi hukunci ga mahaifin da ya ƙi sa ɗansa: jan kunne a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu idan ya sake. Hukunci ne da ya fi zama a takarda.

Akwai abu biyu a dokar da ba a cika ambata ba. Na farko, ta ambaci almajirai da sunansu cikin rukunan da ilimin bai-ɗaya ya shafa, ma'ana yaron tsangaya yana da haƙƙi a kan kuɗin ilimi kamar kowane yaro. Na biyu, ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taɓa batun ta fuska uku. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati samar da ilimi kyauta, sai dai yana cikin babin da ba a cika iya kai ƙara kotu a kansa ba. Sashe na 38 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, ya kuma ba al'ummar addini damar koyar da addininta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Jadawali na huɗu ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu alhakin ilimin firamare. A taƙaice, doka ba ta hana karatun allo ba. Abin da ta hana shi ne a tsaya a kansa kaɗai.

Daga nan ne wani saɓani ke tasowa. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce kashi 35 cikin ɗari na yaran Musulmi a Arewa maso Yamma karatun Alƙur'ani suke yi wanda babu koyon karatun boko da lissafi a cikinsa, kuma hukuma na lissafa su cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta. A Jigawa, asusun ya ƙiyasta yaran da suka isa firamare amma ba sa zuwa da fiye da 330,000. Uban da ɗansa ke tashi da asuba ya zauna gaban malami, ya koma da yamma, ya sake komawa da dare, ba ya gane yadda za a ce ɗansa ba ya makaranta. Shi da hukuma suna amfani da kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Me ya sa iyaye ke ɗari-ɗari da firamaren gwamnati?

An saba ɗora laifin kan ƙin boko. Akwai masu wannan ra'ayi, amma alƙaluma na nuna wani dalili da ya fi shi ƙarfi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa cikin yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karanta gajeren labari ya fahimta, haka nan a lissafin farko. Wannan matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne. A karkarar Arewa maso Yamma lamarin ya fi haka muni.

A ɗauki misalin manomi a wani ƙauye na Gwiwa mai 'ya'ya maza biyu. Ɗaya ya yi shekara uku a makarantar allo, yana tilawar izu da dama, yana iya rubuta allonsa, yana jan ƙannensa salla. Ɗayan ya yi shekara uku a firamare, bai iya karanta sunan maganin da aka rubuta wa mahaifiyarsa ba. Uban ba ya buƙatar rahoton kowace hukuma kafin ya yanke hukunci, domin gani ya kori ji. Makarantar allo tana nuna sakamakonta a zaure kullum, firamare kuwa alƙawari take yi na abin da zai zo bayan shekara goma sha biyu ko sha shida.

Kalmar "kyauta" ma tana da iyaka. Ba a biyan kuɗin makaranta, amma akwai kayan makaranta, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin tara da 'yan kuɗaɗen da kan taso lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma aikin da yaron zai yi a gona ko kiwo da damina, wanda kalandar firamare ba ta la'akari da shi, alhali makarantar allo ta ginu ne a kan zagayowar damina da rani.

Harshen koyarwa wani cikas ne. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekarun firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar tare da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ga yaron Roni da bai taɓa jin Turanci a gida ko a kasuwa ba, wannan na nufin zai koyi karatu da harshen karatun a lokaci guda.

Abin da allo ke bayarwa, da inda ya tsaya

Masu sukar makarantar allo sukan manta cewa tana ba da abubuwan da iyaye ke daraja: haddar Alƙur'ani, ladabi, juriya, da matsayi a idon jama'a. Hannah Hoechner, mai binciken da ta zauna da almajirai a birnin Kano da karkararta, ta kuma wallafa littafi a kansu a 2018, ta nuna cewa talauci, durƙushewar tattalin arzikin ƙauye da raunin makarantun gwamnati na cikin manyan dalilan da ke sa iyaye tura 'ya'yansu, tare da imanin cewa wahalar neman ilimi tarbiyya ce. Ga gidan da rumbunsa ke ƙarewa kafin damina ta kankama, tura yaro wurin malami har ila yau rage bakin ci ne.

Amma nan ne haɗarin yake. Ya kamata a bambanta yaron da ke karatun allo yana kwana a ɗakin mahaifiyarsa da wanda aka ɗora a mota zuwa Kano, Daura ko wani gari mai nisa yana ɗan shekara bakwai. Na biyun shi ke bara, shi ke kwana a shago ko rumfa, shi ke fama da ƙazuwa da zazzaɓi babu mai kai shi asibiti. Malami guda ba zai iya ciyar da yara da dama da kuɗin Laraba ba. Muhawarar da ta cakuɗa waɗannan yara biyu ba ta yi wa kowannensu adalci.

Sai batun takarda. Yankin nan na da manyan makarantu da ba kowane yanki ke da irinsu ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan garin, da kuma Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya. A Babura, mahaifar tsohon Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Shiga kwalejin fasaha ko jami'a na buƙatar kiredit a jarrabawar kammala sakandare, sannan jarrabawar JAMB. Gwanin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, aikin da ke cin shekaru da kaifin ƙwaƙwalwar da ba kowa ke da shi ba, ba shi da takardar da za ta shigar da shi ƙofar da ke garinsu. Gurbin da bai cike ba, wani daga nesa zai cike shi.

Akwai hanya ta tsakiya da iyaye da yawa ba su sani ba. Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci ta Ƙasa, NBAIS, wadda asalinta ke komawa zamanin Sardauna a 1960 kafin ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana shirya jarrabawar kammala sakandare da ta haɗa darussan addini da Larabci da na zamani. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a 2011, kuma ana shiga jami'a da sakamakonta. A Jigawa, Hukumar Ilimin Addinin Musulunci ta jiha na kula da makarantun da ke bin irin wannan layi. Sai dai kafin yaro ya kai nan, dole ya bi ta firamare, ko Islamiyyar da ke koyar da manhajar firamare.

Lissafin aljihu

Rahoton talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikinsa, ya kuma sanya Jigawa cikin jihohi biyar da suka fi fama, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'a ke ciki. Bayan nan aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi, zaɓin makaranta na bin nauyin aljihu.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai hali a cikin garin Kazaure zai biya makarantar tahfizi, ɗansa ya tashi da hadda da Turanci. Mai matsakaicin ƙarfi zai haɗa da kansa: firamare da safe, Islamiyya da yamma, allo da asuba ko da dare. Wannan shi ne tsarin da ya fi yawa a garuruwa, kuma yana aiki, amma yaron ne ke biyan farashinsa: ƙaramin yaro na iya shafe yini cur yana zaune gaban malamai uku, lokacin wasa da barci ya ƙuntata. Talakan ƙauye kuwa, wanda firamaren da ke kusa da shi ba ta da isassun malamai, Islamiyyar garin kuma ba ta koyar da lissafi, shi ake cewa ya zaɓa. Daga baya kuma shi ake zargi da abin da ya zaɓa.

Abin lura shi ne manyan malamai, 'yan siyasa da ma'aikatan gwamnati da ke kare tsangaya a bainar jama'a, da wuya a ga 'ya'yansu da ƙoƙon bara. Haka ma masu cewa a soke ta, da wuya a ga nasu a firamaren ƙauye. Ɓangarorin biyu sun sama wa 'ya'yansu mafita iri ɗaya, wato makarantar da ta haɗa biyun.

Ga 'ya'ya mata, lissafin ya ɗan bambanta. Ba a tura su almajirci, kuma Islamiyya ce makarantar da iyaye suka fi sakin jiki da ita game da su. Ƙidayar makarantun addini da aka yi a Kano ta nuna mata sun fi maza yawa a cikinta. Jigawa ta ayyana ilimin mata kyauta tun zamanin Gwamna Sule Lamido, kuma a 2023 ta shiga shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare. Duk da haka, al'ummar da ke son likita mace da ungozoma su duba matanta ba za ta same su daga Islamiyyar yamma kaɗai ba. Idan Islamiyyar da 'yan mata suka riga suka cika za ta koyar da manhajar firamare, an rage rabin tafiyar.

Me gwamnatoci suka gwada?

A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, cikin shirin da ya gina makarantu 157 a kan kuɗi kimanin naira biliyan 15. Bayan an miƙa su ga jihohi, da yawa suka lalace ko aka mayar da su wani abu daban. Ko da duka sun yi aiki, abin da za su ɗauka ɗigo ne a cikin teku.

Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida ciki har da Jigawa, Kano da Kaduna, ya bi wata hanya mai sauƙin kuɗi. Maimakon gina sabuwar makaranta, an nemi yardar alarammomi su saki ɗalibansu na wasu sa'o'i, malamin da aka ɗauko daga cikin al'umma ya koya musu Hausa, Turanci da lissafi. Wasu daga cikin yaran sun kai ga shiga ƙaramar sakandare. Rauninsa shi ne ya dogara da kuɗin waje.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano da wasu jihohi, wasunsu ɗauke da cutar. Da annobar ta lafa, yaran suka koma inda suka fito, domin dalilin da ya fitar da su daga gida yana nan.

A Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta. A Jigawa, gwamnatin Umar Namadi ta raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ta kafa Hukumar Tsangaya, ta kuma mayar da malamai 3,000 na shirin J-Teach ma'aikatan dindindin. Matakai ne da za a auna su da abu guda: yara nawa ne a ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura suka iya karatu da lissafi a bana waɗanda ba su iya ba a bara.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a bayyane yake. Shirin da ya fara da gini ya tsufa da ginin. Shirin da ya fara da malami da yardar alaramma ya fi kama ƙasa, amma ya tsaya da tsayawar mai ba da kuɗi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba Najeriya kaɗai ta gaji wannan rabuwa ba. A Jamhuriyar Nijar, wadda ke kusa da Babura, an buɗe makarantar gwamnati ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Sayi a 1957, kuma irin waɗannan makarantu sun zama reshe na tsarin ilimin ƙasar, da jarrabawa da takardar shaida. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ministoci uku sun cimma yarjejeniya a 1975 cewa madarasa za ta ba darussan zamani kaso mafi girma na manhajarta, ita kuma gwamnati ta daidaita takardarta da ta sauran makarantu. A 2019 ƙasar ta yi doka ta musamman da ta amince da makarantun kwana na addini na gargajiya. A duka misalan, gwamnati ba ta nemi iyaye su bar makarantar da suka yarda da ita ba. Ta shiga cikinta da malami, da manhaja, da takarda.

Tambayoyin da suka dace

Ga mahaifin da ke tsaka da yanke shawara, sunan makaranta bai kai waɗannan tambayoyi muhimmanci ba. A ina yaron zai kwana, wa zai ciyar da shi, wa zai kai shi asibiti? Bayan shekara biyu, zai iya karanta shafi guda na Hausa ya yi lissafin canji a kasuwa? Makarantar na da rajista da hukuma, kuma ɗalibanta na zana jarrabawar shiga ƙaramar sakandare? Wane irin horo ake yi wa yaro idan ya yi laifi? Makarantar tahfizi mai tsada ma tana iya faɗuwa a waɗannan tambayoyi, makarantar allo ta unguwa haɗe da firamare mai malamai na iya cinye su.

Ga matasan da ke bibiyar siyasa, akwai wasu tambayoyin da za a kai gaban masu riƙe da kuɗin jama'a. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugabannin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa na da ƙarin dalilin bayyana abin da suke kashewa a firamare. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 hanya ce ta neman amsa a rubuce. Malamai nawa ne a kowace firamare ta mazaɓa, kuma nawa ne ke zuwa aji? Tsangayu da Islamiyyu nawa aka yi wa rajista, nawa aka tura wa malamin lissafi da Turanci? Nawa Hukumar Tsangaya ta samu a kasafi, nawa aka saki, nawa ya isa wannan yanki? Jiha ta ajiye kasonta ta karɓo na UBEC na kowace shekara? Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, da iyaye da matasa ke da kujera a cikinsu, suna zama kuwa?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya cika shekara shida a Satumban bana ba zai jira a kammala muhawara ba. Kafin a yi zangon mulki biyu ya wuce shekarun firamare. Ko zai tashi da Alƙur'ani a ƙirji da takarda a hannu, ko da ɗaya, ko babu ko ɗaya, ya dogara ne da ko akwai malami a ajin ƙauyensu ranar Litinin da safe, da kuma ko akwai wanda ya damu ya je ya duba.